Ƙaura Uku da Haruffa Uku

Abin da ya sa na kawo wannan ɗan bayani a mujallarmu shi ne wata hira da na tsinta a bakin ɗakin karatu kwanakin baya. Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Na iske samari sun yi cirko-cirko, wannan yana cewa kwamfutarsa ta tsufa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, wancan yana cewa an ba shi shawara ya koma Linux amma yana jin tsoro don bai saba ba. Na yi murmushi na wuce, domin ni irin wannan ƙaura ta riske ni har sau uku, duk a shago ɗaya a Gwammaja, kuma abin da ya ba ni wahala a cikinta ba shi ne abin da samarin nan suke tsoro ba.

Kafin in yi nisa ya kamata in faɗi abin da nake nufi da babbar manhaja, don kada in bar wani a baya. Kwamfuta dai ƙarfe ce da waya. Abin da ke sa ta san inda ta ajiye takardarka, ta ji maɓallin da ka danna, ta aika wa firinta saƙo, shi ne babbar manhaja, watau irin su DOS da Windows da Linux. Sauran manhajoji, kamar ta buga rubutu ko ta lissafi, 'yan haya ne a gidanta. Saboda haka wanda ya sake babbar manhaja tamkar mutumin da ya tashi daga gidan da aka haife shi ne ya koma wani. Kayansa su ne dai, amma in ya farka da dare sai ya riƙa laluben ƙofa a inda babu ƙofa. Wannan lalube na 'yan kwanaki ne. Abin tambaya shi ne, shin duk kayan sun iso sabon gidan lafiya? Mu masu rubutu da Hausa muna da kaya uku da suka saba faɗuwa a hanya, su ne ɓ da ɗ da ƙ.

Tarihin faɗuwarsu ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kafin Turawa su ci Kano cikin 1903, Bahaushe yana rubuta harshensa da ajami, kuma malamai sun riga sun sami dabara. Sun ba ɗ harafin ɗa mai hannu, sun bar wa d dal. Ƙaf wau ta tsaya wa ƙ, kaf lasan ta tsaya wa k. A kan ɓ ne aka sha bamban, wani ya ƙara mata ɗigo, wani ya bar ta tamkar ba. Da mulkin Turawa ya zauna sai aka zaɓi haruffan boko don aikin gwamnati da na makaranta. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa cikin 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa cikin 1912. To amma haruffan Ingilishi 26 ne, kuma ba don bakin Bahaushe aka ƙera su ba. Aka yi shekaru ana kame-kame, wasu suna ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna rataya masa waƙafi a sama. Sai cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa da muke gani yau. Littattafan Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, su suka sa idon jama'a ya saba da su. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 duk sun bar su a inda suke, illa dai 'yan'uwanmu na Nijar suna ƙarawa da ƴ a inda mu muke rubuta 'y.

Maɗaba'a tana da halin da za ta sa a zuba mata harafin dalma na musamman. Akawu mai tafireta a bakin titi fa? A nan ne labarin ya shigo gidanmu. Kawuna yana da ɗan shago a Gwammaja, ba nisa da Gidan Mambayya, inda yake buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki da yarjejeniyar cinikin gida, daga baya kuma har da kundayen ɗalibai. An ce mini wasu ofisoshi da sassan jami'a suna da tafireta mai haruffan Hausa, kuma cikin shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 da za su wadaci harsunan Nijeriya. Ta Kawu dai ta Ingilishi ce tsantsa. Don haka aikin farko da na fara yi a duniya, ina ɗan firamare, shi ne bin rubutu da biro. Kawu ya buga shafi ya miƙo mini, ni kuma in bi shi layi-layi ina yi wa b da d da k ƙugiya a inda ta dace. In sitensil ne da za a kai injin gurzawa, da tsinin allura nake yi, a hankali don kada ya yage.

Wata rana na yi gaggawa don in tafi ƙwallo, sai na ji ya kira ni. Ya ce, "Zo nan, ɗan nan. Mutumin nan cewa ya yi yana gaida baƙinsa, kai kuwa ka bar shi yana gaida bakinsa. Kai ka taɓa ganin wanda ya gai da bakinsa?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "To koma ka zauna." Tun daga ranar na haddace tagwayen nan, bari da ɓari, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, saka da saƙa, fada da faɗa. Na san akwai masu cewa ai ma'ana tana fitowa daga zubin jimla, ba sai an wahalar da kai ba. Sau tara cikin goma gaskiyarsu ne. Na goman ne zan zo kansa.

Cikin 1994 Kawu ya sayo kwamfutar gwanjo, aka yi ƙaura ta farko. Babbar manhajarta DOS ce, wadda ta fito tare da kwamfutar IBM cikin 1981. Wanda bai ga DOS ba zai yi wuya ya gane irin kwarjininta. Ka kunna, sai baƙin allo, da harafin C, da wani ɗan layi yana ƙyafta maka ido. Ba hoto, ba alama, ba ta tambayarka kome. Sai ka rubuta mata umurni da Turanci daidai wa daida, in ka kuskure harafi ɗaya ta ce ba ta san zancen ba. Sunan fayil kuma ba ya wuce harafi takwas, shi ya sa muka riƙa yanke sunayen mutane kamar masu aika talgiram. Manhajar rubutunmu WordPerfect 5.1 ce mai shuɗin allo. F10 ajiyewa, Shift da F7 bugawa, F7 fita. Har da wani siririn kwali da muka liƙa a saman maɓallan don tuni, kafin yatsu su haddace.

Ni yaro ne, cikin mako biyu na saba. Kawu kuwa ya sha fama. Shekara ashirin yana dukan tafireta, sai ya zo yana dukan maɓallan roba da irin wannan ƙarfi har ana ji daga waje. In ya kai ƙarshen layi sai hannunsa na hagu ya tashi neman sandar da ake turawa, ya kama iska. Da aka nuna masa maɓallin sauka layi sai ya riƙa danna shi a ƙarshen kowane layi, alhali na'urar da kanta take sauka, ta yadda in aka ƙara kalma ɗaya a sama duk shafin sai ya wargaje. Babban abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce mutum ya buga shafi biyar, a ɗauke wuta, a nemi shafi biyar a rasa. Ya ce shi bai taɓa ganin takardar da ke gudu in fitila ta mutu ba. Saboda haka bai sayar da tafiretarsa ba, ya lulluɓe ta da tsohon zane a kusurwa, kuma ta ci gaba da fisshe mu kunya ranakun duhu.

Game da haruffanmu uku, kwamfuta ba ta rage mini aikin biro ba ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne, na'urar ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Jadawalin da aka tsara a Amurka cikin 1963, mai suna ASCII, gurbi 128 ne da shi, an raba wa haruffan Ingilishi manya da ƙanana da alƙaluma da alamomi. Da aka faɗaɗa shi zuwa 256 a kwamfutar IBM, sai aka cike sabon wurin da haruffan wasu harsunan Turai da layukan zana akwati. Ba wanda ya ajiye wa ƙ kujera. Haka muka riƙa bugawa a firinta mai ƙara kamar injin markaɗe, sa'an nan in ɗauki birona.

Windows 95 ta fito a watan Agusta na 1995, amma ba ta iso shagonmu ba sai 1997. Wannan ita ce ƙaura ta biyu, kuma ta zo da linzami. Na ga dattijo mai mutunci yana ɗaga linzamin sama yana kaɗa shi a iska don kibiyar ta hau. Danna shi sau biyu a jere kuwa sai da ya ci wa Kawu wata guda, kullum ko dai ya yi jinkiri tsakanin dannawar, ko hannunsa ya goce ya ja fayil ya jefa shi wani wuri. Ya kan ce, abin da ba zai taɓa ganewa ba shi ne na'urar da in za ka kashe ta sai ka danna inda aka rubuta farawa. Ni ma da nake yi masa dariya na daɗe ina danna F10 ina zaton na ajiye aiki. Amma da ya ga rubutu yana fitowa a allo kamar yadda zai fito a takarda, baƙi a kan fari, babba da ƙarami, sai ya sakar mata fuska.

Lokacin nan kuwa shi ne ganiyar littattafan soyayya a Kano. Marubuta maza da mata suna kawo rubutun hannu a littafin makaranta, a buga a shaguna irin namu, a kai maɗaba'a. Duk wanda ya ajiye littattafan farkon shekarun 1990 ya duba, zai ga da yawansu ba ƙugiya sam, wasu kuma zai ga alamar hannun yaro irina. A tsakiyar shekarun ne Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffan kwamfuta masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla. A ganina duk mai rubuta tarihin adabin Hausa na zamani da ya tsallake wannan aiki ya bar babban giɓi, domin shi ya sa ɗalibi da marubuci da ɗan jarida suka ga harshensu ya fito daga firinta da cikakkiyar kamarsa. Bayansa wasu ma sun yi nasu. Mu dai wani ne ya kwafo mana wani zubi a faifai, ranar kuwa na yi sallama da biro.

Sai dai ya kamata mai karatu ya fahimci dabarar zubin wancan zamani, don a nan ƙullin yake. Tun da babu gurbi a jadawali, sai a nemi maɓallin da Hausa ba ta cika bukata ba a sauya masa riga. Wasu suka ɗora haruffan a kan alamomin baka, wasu a kan q da x da v. Kai kana ganin ƙ a allo, ita kuwa na'urar a cikinta alamar baka ta ajiye. Muddin rigar tana nan, lafiya lau. Ranar da ɗalibi ya ɗauki faifansa ya kai wani shagon da ba su da wannan zubi, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaki ya koma ]aki, ɓarawo ya koma ~arawo. Har yau in ka shiga intanet za ka tarar da tsofaffin maƙalu da labaran jarida cike da qasa da xaya da varna, rigar ta faɗi a hanya.

Abin mamaki shi ne, maganin ya riga cutar zuwa. Tun 1991 aka fito da Unicode, babban jadawalin da ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta dindindin. A cikinsa ƙ ita ce ta 409, ɓ ta 595, ɗ ta 599. Amma lamba a jadawali daban, samun ta a yatsa daban. Shekaru da yawa zubin haruffa ƙalilan ne suka zana su, kuma ba maɓallin da za ka danna su fito, sai ka shiga akwatin alamomi kana tsinto su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba mai buga kundi shafi ɗari da zai jure wannan. Da Windows 7 ta zo cikin 2009 ta zo da tsarin maɓallan Hausa a cikinta, amma mu ko a jikinmu. Muna kan Windows XP ta 2001, da tsohon zubinmu, abokan ciniki ba sa ƙorafi. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to ni na daɗe a ɗaure.

Yanzu sai in koma baya kaɗan. Tun cikin 1995, in an yi sallar lisha an rufe ciniki, Kawu ya kan zauna ya buga wani abu nasa na kansa. Abin da ya ji daga bakin dattawan unguwa ne yake tarawa, yawancinsa a kan zamanin NEPU, wadda aka kafa ran 8 ga Agusta, 1950, da kamun da aka sha, da zaman da ake yi a ƙofar gidan Malam Aminu Kano har zuwa rasuwarsa ran 17 ga Afrilu, 1983. Kashin farko a DOS ya buga shi, ba ƙugiya, muka fitar a takarda na bi da biro yana karanta mini ina sawa. Sauran kuma a Windows da zubinmu na shago. Kafin Allah ya yi masa rasuwa ya sa na kwashe duka a faifan CD, takardun kuma aka zuba a akwatin ƙarfe. Na ce zan gyara in kai maɗaba'a, yau da gobe ta hana.

Ran 8 ga Afrilu, 2014, aka daina kula da XP. Kuɗin sabuwar kwamfuta babu, sai wani ɗan yayata da ke karatun kimiyyar kwamfuta ya zo da Ubuntu a filash. Ya ba ni tarihinta a tsaye, cewa reshe ce ta Linux wadda wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara cikin 1991, ita kuma Ubuntu wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa ta cikin 2004, kuma kyauta ce. Na ce a zuba. A ƙaura ta uku ni ne na zama Kawu. Maɓallin rufe taga yana hagu, hannuna yana tafiya dama. Na nemi C ɗin da na sani shekara ashirin na rasa. Jerin manhajoji ya miƙe a gefen allo maimakon ƙasa. Yaron yana tsaye a kaina yana danne dariya, yana cewa, "Kawu, a hankali, ba ta gudu." Na ji kunya, na kuma tuna wanda na yi wa dariya. Duk da haka kafin wata ya ƙare hannuna ya daina ɓata, na zaɓi maɓallan Hausa daga cikin jerin harsuna, na koyi sababbin wuraren ƙ da ɗ da ɓ. Iyakar wahalar sabo ke nan, ba ta fi haka ba.

Sa'an nan na sa faifan Kawu. Da shafin farko na kashi na biyu ya buɗe sai gabana ya faɗi, don ko'ina alamar baka ce, kamar an watsa ƙaya a gona. Na ce wa yaron ya nemo mini tsohon zubin a sa, tun da Ubuntu ma tana karɓarsa. Ya ce zai iya, amma rufe ciwo ne da tsumma, ƙaura ta gaba sai an sake. Ya nuna mini yadda za a umurci LibreOffice ta nemo kowace alama ta musanya ta da harafin gaskiya. Sau shida muka yi, uku ƙanana uku manya, kafin shayi ya huce an gama. Aikin da na ƙi yi shekara da shekaru ke nan, kuma laifin ba na kowa ba ne sai nawa. A nan zan ba 'yan'uwa masu shirin ƙaura shawara: kafin ka taɓa babbar manhajarka, buɗe kundinka ka sauya masa zubin haruffa zuwa wani. In ƙ ta tsaya ƙ, tafi abinka. In ta rikiɗe, gyara tun kana tsohon gida.

Kashin farko shi ne wanda ba na'urar da za ta taimake ni a kansa. Fayilolin WordPerfect sun buɗu sarai, amma yadda Kawu ya buga su, b da d da k tsirara. Ƙugiyoyin suna kan takarda, a cikin akwatin ƙarfe. Da na buɗe akwatin sai na tarar ƙasansa ya yi tsatsa ya hudu, gara ta shiga ta yi gini. Abin da ya rage bai fi a cika tafin hannu ba.

Na zauna na bi shafukan kalma-kalma kamar yadda na yi ina yaro, sai dai wannan karon ba mai karanta mini. Galibinsu jimla ta raba gardama. Kaɗan suka gagara, na yi ta juya su har na rage saura ɗaya. Kawu yana ba da labarin wani dare da 'yan doka suka kama wasu 'yan NEPU a unguwa, sai ya rubuta cewa da gari ya waye matasa suka taru suka tafi fada. Daga nan ya tsallaka wani zance. In d ce, sun nufi gidan Sarki ke nan su kai kuka. In ɗ ce, sun fita da sanduna. Duk wanda ya san Kano ta shekarun 1950 ya san kowanne yana iya faruwa, kuma labari biyu ne mabambanta game da iyayenmu. Da hannuna na sa ko na ƙi sa wannan ƙugiya cikin 1995, amma na yi iyakar ƙoƙarina in tuna, abin ya ƙi.

Na je wurin tsofaffi biyu da suka ga zamanin, na karanta musu shafin. Na farko ya ce ai fada suka tafi, shi ma yana cikinsu, har ya tuna inda suka zauna a Ƙofar Kudu. Na biyu ya yi dariya ya ce wane irin fada, a ranar wa zai bar su su matsa kusa da ita, faɗa aka yi, ga ma tabon a ƙwaurinsa. Da na ƙara bincikawa sai na lura ba lalle ne dare ɗaya suke nufi ba. Littafin yana nan a kwamfutata an gama gyara shi, ban da wannan kalma. Na bar d ɗin yadda Kawu ya buga ta, na ja mata jan layi a ƙasa.